Rijiyar da Baba Ya Yi Gini a Kanta

Mahaifina magini ne. A layinmu Mai Zare ake ce masa, saboda wani zare da ba ya rabuwa da aljihunsa, mai ɗan dunƙulen ƙarfe a baki, wanda yake saki a jikin bango don ya ga ko ginin ya miƙe. Ko duba mara lafiya ya je, in aka bar shi shi kaɗai a falo, za a dawo a same shi ya kanne ido ɗaya yana hararar kusurwa. Gida goma sha ɗaya ya gina a layin, har da namu. Shekara arba'in yana riƙe da cokalin gini, ba a taɓa aiko masa cewa ya zo bangonsa ya tsage ba. Shi ba ya faɗin haka da bakinsa. Mama ce ke faɗa, a gabansa da bayan idonsa, har wa mai gyaran famfo.

Abin da Mama ba ta sani ba, ba kuma wanda ya sani sai shi, shi ne ɗakin da nake kwana a kan tsohuwar rijiya yake.

Shekara ashirin da shida ke nan. Lokacin Mama na ɗauke da cikina, ga yayyena uku, suna zaune a gidan haya da mai shi ya sayar, aka ba su wata uku su tashi. Baba yana aikin mutane da rana, in ya tashi ya wuce filinsa ya yi nasa. Ranar da haƙar harsashi ta kai kusurwar gabas, ya kafta diga sai ya ji ta shige ƙasa ba gardama. Ya share wurin da shebur, ya ga duwatsu a jere sun yi da'ira. Bakin rijiya ne, wasu sun cike ta da shara tun kafin a yanka filayen. Da filin wani ne, ya san abin da zai ce: ko a matsar da ginin, ko a yashe rijiyar har ƙasa a cike ta yadda ya kamata. Ya sha faɗa wa mutane irin wannan, ya ma taɓa ajiye aiki saboda an ƙi ji. Amma ga hadari ya fara haɗuwa, ga mace da ciki wata bakwai. Sai ya kwashe sharar da hannunsa ya kai, ya zuba duwatsu ya daddaka, ya ɗaure rodi, ya zuba kankare ya haye bakin rijiyar kamar gada. Kwana biyu ya yi yana wannan shi kaɗai, ko lebura bai kira ba. Ya ce wa kansa ai sito ne wurin zai zama, ba mai kwana a ciki.

Ina shekara goma Mama ta ce na girma, a kwashe tarkacen siton a ba ni. Baba ya ce ɗakin ba iska. Mama ta ce ga taga nan ƙatuwa, wa ya saka ta? Da hannunta ta share, ta shimfiɗa mini katifa.

Tun daga washegarin ranar, kullum da sassafe sai ya ƙwanƙwasa mini ƙofa sau biyu. Yana shigowa da katakon awonsa, mai ɗan gilashi a tsakiya da kumfa a ciki, wanda in wuri ya daidaita kumfan ke tsayawa tsakanin layi biyu. Ya ɗora shi a kan dakalin taga, ya sunkuya ya duba, ya sauke shi ƙasa a kusurwa, ya sake dubawa.

"Auta, kin tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

Shi ke nan hirarmu. Ya gaya wa mutanen gida wai duk gininsa ba inda ya kai dakalin nan daidaito, don haka da shi yake gwada katakon kafin ya fita aiki. Muka yarda, don ya yi kama da halinsa. Ni kuwa ban taɓa damuwa da dalilin ba. Daga ni har shi ba masu magana ba ne, kuma wannan ɗan lokacin namu ne mu biyu. Ko da na tafi jami'a, Mama ta ce bai fasa shiga ba, ɗakin ba kowa.

Akwai wasu abubuwan da muke ɗauka rigimar tsufa ce kawai. Bai yarda an sa tankin ruwa a gabas ba. Da na dawo da littattafaina kwali shida, shi ya kafa mini kanta, amma a bangon ƙofa, ya ce kusurwa tana jan danshi. Sai kuma maganar bene. Mama ta daɗe tana son ɗaki ɗaya a sama, inda za ta zauna ta sha iska. Ya yi wa maƙwabcinmu Tela bene, ya yi wa mai kemis, namu kuwa kullum sai baɗi.

Goggo, yayar Baba, da ta dawo gidanmu bayan rasuwar mijinta, ita ce mai tsokanarsa. Ta girme shi da shekara tara, har yau kuma "yaron nan" take ce masa, da furfurarsa.

"Yaron nan, baɗin nan taka ta wace shekara ce? Ko sai an ɗauke mu a kai sannan za mu ga sama?"

Ya yi murmushi ya ci gaba da shan shayinsa.

A daren da abin ya faru ban yi nisa da barci ba. Wajen ƙarfe biyu da rabi na ji ƙugi kamar babbar mota ta shigo layi, amma ƙugin daga ƙasa yake tahowa. Gadon ya motsa kamar wani ya sa gwiwa ya tura shi. Kofin da ke kan tebur ya fara kaɗawa a jikin faranti, ƙofar kabad ta buɗe da kanta, littafi biyu suka faɗo. Wuta ta ɗauke. Duka-duka bai fi a ƙirga goma sha biyar ba, sai komai ya tsaya cak.

Ƙofata ta bugu da bango. Karo na farko ke nan a rayuwata da Baba ya shigo bai ƙwanƙwasa ba. Ya damƙi hannuna a cikin duhu ya fizgo ni, ko takalmi ban sa ba. Hannun nan mai kaushi kamar bulo bai sake ni ba sai da muka fita.

A tsakar gida muka tarar da Mama riƙe da tocila. Goggo ta fito da takalmi ƙafa ɗaya tana salati.

"Wane mara mutuncin ne ya turo mota cikin gidan mutane?"

"Ku matsa nan jikin bishiya," in ji Baba. "Kar wanda ya je gabas."

"Malam, mene ne?" Mama ta haska fuskarsa.

"Gini ne ya zauna."

"Wane ginin?"

"Nawa."

Ni kuwa ina kallon igiyar shanya tana lilo ba iska. Ruwan duro, can yamma da gidan, yana ta marin bakin duron. Karnuka na haushi, ba na layinmu kaɗai ba, har na nesa da ba a jin su sai dare ya yi tsit. Mun karanta wannan a shekarar farko a jami'a, mun ma zana shi a jarrabawa, ban dai taɓa zaton zan ji shi a ƙarƙashin gadona ba. A garinmu ko kakanni ba su ba da labarin irinsa ba.

"Baba," na ce. Muryata dama ba ta zuwa nesa.

"Auta, ki bari. In na tsaya ba zan iya ci gaba ba."

Sai ya faɗa. Yana tsaye da singileti, idonsa a kan bangon ɗakina, ya faɗi digar da ta shige, da duwatsun, da kwana biyun da ya yi shi kaɗai. Ya faɗi tankin ruwa, da kantar littattafai, da abin da yake dubawa kowace safiya. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba. Na sake buɗe baki sau ɗaya, na rufe. Ba zan ce kunya ce kaɗai ta hana ni ba. Ina so in ji ƙarshen.

Da ya gama, Mama ta sauke tocilar tana haska ƙasa.

"Shekara nawa ka ce?"

"Ashirin da shida."

"Ranar da na ce a ba ta ɗakin, kana tsaye."

"Ina tsaye."

"Da hannuna na shimfiɗa mata katifa a kai, kana kallo."

Goggo ta tafa hannu.

"Ashe benen da ake ta baɗi-baɗi..."

"Yaya, bar maganar bene," in ji Mama. Ba ta ɗaga murya ba, amma Goggo ta yi gum, abin da ban taɓa gani ba.

Sai aka fara dukan ƙofar gida. Muryar Tela ce, maƙwabcinmu na dama.

"Mai Zare! Kana raye? Fito ka ga aikinka, gidan da ka gina mini rawa yake yi!"

Baba ya dafa bishiyar. "Naka ma?"

"Keken ɗinkina ya taso daga bango ya zo bakin ƙofa da ƙafarsa!"

Da aka buɗe, layin cike yake da mutane, kowa da tocila ko hasken waya, wasu da zanen gado a kafaɗa, wata da jariri da tukunya. Suna ganin Baba suka yo kansa. Mai kemis ya ce kwalabensa duk suna ƙasa. Malamar makaranta ta ce agogon bangonta ya faɗo. Na ga Baba yana bin gidajen da ido ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Ƙirga su yake yi. Ya ɗauka duk abin da ya gina a duniya ne ya tashi faɗuwa a dare ɗaya.

"Ni fa ba Mai Zare ya gina mini ba," in ji Direba daga can ƙarshen layi, "amma nawa ma ya yi."

"Naka dama ko tari aka yi kusa da shi sai ya yi rawa," in ji Tela.

"Girgizar ƙasa ce," na ce.

Ba wanda ya ji sai Goggo. Ta ɗaga takalminta ɗaya sama.

"Ku yi shiru, 'yar jami'a za ta yi magana! Sau ɗaya take yi a shekara, kar ku yi asara."

Duk fitilun suka juyo kaina. Na sake faɗa, ina kallon ƙafafuna. Na ce ƙasar ce ta motsa gaba ɗaya, ba gida ba, kuma gara a zauna a fili zuwa safe ko za ta ƙara.

"A nan?" in ji Tela. "Ai wannan sai a talabijin."

Kafin a fara gardama wayar Direba ta yi ƙara. Ƙanensa ne daga wancan gefen gari, su ma duk suna waje. Sai wayoyi suka yi ta shigowa, daga bayan kasuwa, daga unguwar asibiti. Ba a ji an ce wani ya ji ciwo ba.

"Har bayan kasuwa?" Baba ya tambayi Direba.

"Har tashar mota."

Baba ya zauna a bakin kwalbati, ya sauke numfashi. "Alhamdu lillahi."

"Yaron nan," in ji Goggo, "kai kaɗai ne gari zai girgiza ka yi hamdala."

Mutane suka yi dariya, ba su san abin da take nufi ba. Shi ma ya fara dariyar, sai ya ɗago ya nemi Mama. Tana zaune a bakin ƙofarmu ta ba shi baya, ta kashe tocilar. Ginin bai zauna ba, amma abin da ya faɗa ya riga ya faɗa.

Sauran daren a titi muka yi shi. Aka fito da tabarmi, yara suka koma barci a cinyoyi, wani ya hura gawayi aka dafa shayi. Ƙasa ba ta ƙara motsi ba, sai sau ɗaya gab da asuba, ɗan kaɗan, har wasu suna musun an yi. Gari na wayewa Baba ya shiga gidaje da zarensa, nasa da ma waɗanda ba shi ya gina ba. A falon Tela aka ga tsaga siririya. Ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya kasa kunne, ya ce filasta ce kawai, bulon lafiya lau. Tela ya ce to a rubuta masa a takarda ya nuna wa matarsa, don ta ce ba za ta koma ciki ba.

Namu ya bari na ƙarshe. Ina bayansa ya ɗora katakon a dakalin taga. Kumfan ya yi ɗan yawo ya tsaya tsakanin layin nan biyu, daram. Ya sauke ƙasa, haka. Ya je ƙofar kicin ya tsaya.

"Ko za ki zo ki gani? Ko gashi ɗaya bai motsa ba."

Mama na wanke kofuna, ba ta juyo ba.

"Katakon nan shi ka yi shekara goma sha shida kana gaya wa gaskiya. Ka nuna masa."

A ranar ta ɗauke katifata ta kai ɗakinta. Ba ta yi faɗa ba, ba ta fasa komai ba. Abincinsa na zuwa a kan lokaci, ruwan wankansa na nan, in ya yi sallama ta amsa. Ba ta kuma gaya wa kowa ba, har Goggo ta ja wa kunne. Amma a kwana na uku matar mai kemis ta shigo tana yabo, wai gidajen Mai Zare ko gezau, duk gari maganar ake yi. Da a da ne, Mama za ta karɓe zancen ta kai shi har la'asar. Sai kawai ta ce, "Haka aka ce." Baba na zaune yana ɗaure takalmi. Na ga hannunsa ya tsaya a kan igiyar, ya daɗe bai ƙulla ba.

Washegari bai fita aiki ba. Ya fitar da gadona da teburin, ya shigo da diga da guduma. Ya sake zuwa ƙofar kicin.

"Zan buɗe. Ina so ki gani da idonki."

Mama ta goge hannu a zane. "Ni zan riƙe tocila."

Ya fasa daɓen kusurwar, ya kwashe ƙasa. Kafin azahar bakin rijiyar ya bayyana, wani sanyi mai warin tsohuwar ƙasa yana fitowa. Duwatsun da ya zuba sun nutse, sun bar rami ya kai tsawon hannu. Kankaren kuwa yana nan a kwance daga wannan baki zuwa wancan, ba abin da ke ƙarƙashin tsakiyarsa sai iska, bangon ɗakina a kansa. Mama ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo, ta zura tocilar, ta bi shi daga farko har ƙarshe. Ta sa hannu ta shafa. Ta daɗe.

"Wannan ne ya riƙe ta?"

"Shi ne."

"Rodi nawa ka sa?"

"Takwas."

"Na mutane fa?"

"Huɗu."

Ta miƙe da ƙyar, ta ƙi karɓar hannun da ya miƙo mata, ta kakkaɓe gwiwa.

"Ginin ka iya, Malam. Bakin ne ba ka iya ba. Da ka gaya mini a lokacin, da cikin nawa zan ɗebo maka duwatsun."

"Na ji tsoron hankalinki ya tashi."

"To yanzu kwance yake?"

Goggo, da ke leƙe ta taga, ta ce tun yana yaro haka yake, ya taɓa ɓoye ƙaya a ƙafa sati guda don kar a ce ya je inda aka hana shi.

Kwana tara aka yi ana aikin. Ya yashe rijiyar har inda ƙasa ta yi tauri, ya cike ta hawa-hawa, kowane hawa sai an jiƙa an daka. Mama ta sa kujera a bakin ƙofa, ba ta bari an rufe hawa ɗaya ba ta gani ba. Ita ta sa ya kira yayyena ɗaya bayan ɗaya ya gaya musu da bakinsa. Tela ya leƙo ya tambayi me ake haƙa, Baba ya dubi Mama, sannan ya ce, "Wani tsohon kuskurena nake gyarawa. Zauna in ba ka labari." Da yamma na ji Mama tana ce wa matar mai kemis, "Rodi takwas fa. Ƙasa ta yi abin da za ta yi, ko gashi bai tsage ba." Da Goggo ta tayar da zancen bene, Mama ta ce da waɗanne gwiwoyin za ta hau, a yi mata baranda.

Da daɓen ya bushe na koma ɗakina. Safiya ta farko na farka a lokacin da na saba, ina jiran ƙwanƙwasa. Na ji takunsa ya zo, ya wuce, ƙofar gida ta rufe. Ta biyu ma haka. Mama ba ta buƙatar a gaya mata. A ta uku na jiyo ta tana zuba masa shayi.

"Malam, wai duk shekarun nan kumfa kake gaisarwa ko 'yarka?"

Washegari aka ƙwanƙwasa sau biyu. Ya shigo hannu sake, bai san inda zai ajiye hannayen ba. Ya dubi dakalin taga, na riga na jera littattafai a kai.

"Auta, kin tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

Ya juya kamar zai fita, sai ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Wai ita ƙasar, me ke motsa ta?"

Na ɗauko littafi biyu masu kauri na kwantar da su gefe da gefe a kan tebur, na fara tura ɗaya a jikin ɗaya a hankali. Ya jawo kujera zuwa kusurwar gabas ya zauna, ya kanne ido ɗaya yana duban inda suka haɗu. Sau biyu Mama ta kira cewa shayi na hucewa.